Yatsa Ɗaya a Ƙarƙashin Tawul

Naushin da aka ce ya kayar da Bahago bai taɓa shi ba. Duk mai waya a garin ya gani da idonsa. An rage gudun hoton bidiyon, an tsayar, an ja da baya, an sake saki: safar hannun Dogo ta wuce ta gefen kunnensa, ratar da ke tsakani ta kai tafin hannu, amma sai ga Bahago a ƙasa kamar an zare masa ƙafafu. Kafin ya gama kwance bandejin hannunsa, 'yan kallo sun yanke hukunci cewa sayar da damben ya yi. Ban da shi kansa Bahagon, mutum ɗaya ne a zauren ya san ba haka ba ne, wato yayansa, mai horar da shi, wanda kowa ke kira Koci. Shi ɗin kuwa ya ɓoye abin da ya sani.

Koci ya girmi Bahago da shekara goma sha huɗu. Shi ya fara ɗaura masa safar hannu, a ɗakin atisayensa da ke saman shagon masu facin taya, inda warin roba da na gumi suka daɗe da zama 'yan uwa. Buhun naushi ɗaya ne a ɗakin, an yi masa faci har ba a gane asalin launinsa, sai wani dogon madubi mai tsaga a tsakiya, da kwamin wanke fuska a lungu. Shi ma Koci ya yi dambe a zamaninsa, ya kusa kaiwa inda ake kaiwa, wuyan hannunsa ya karye saura mako guda ya yi babban dambensa. Ya ce ya haƙura, kuma kowa ya yarda ya haƙura, har shi kansa.

Damben da za a yi da Dogo ba irin na kullum ba ne. Wanda ya ci shi zai tsaya neman kambun ƙasa. Shekara takwas suna jiran wannan layi ya zo kansu, ga Bahago ya shiga talatin da ɗaya. A wannan sana'a, ba a cewa mai talatin da ɗaya ya dawo baɗi.

Saura mako uku wata mura mai zafi ta kwantar da shi. Murar ta tafi, ta bar masa abin da ya fi ta. Kwana biyu ya yi rungume da bokiti, ɗaki na juya masa, ko ruwa ya kurɓa sai ya dawo. A rana ta uku jirin ya lafa, ya miƙe, ya koma atisaye. Sai dai bai tafi duka ba. In ya juya kai da sauri, bango kan makara kafin ya biyo idonsa. In ya sauko daga bene yakan dafa ƙarfen gefe, shi da ke tsallake matakala bibbiyu. Ya gaya wa yayansa, sau ɗaya, cewa ƙasa tana zame masa.

Koci mutum ne da duk ciwon duniya a wurinsa iri biyu ne: ko yunwa ko lalaci. Bahago ba malalaci ba ne, don haka yunwa ce, tunda yana rage nauyi. Ya ce ya ƙara ruwa da ɗan gishiri, in an gama awon nauyi ya ci ya ƙoshi, jiri zai kama gabansa.

Wata yamma bayan atisaye, Koci na naɗe igiyar tsalle, ya hango ƙaninsa ta madubi yana wanke fuska. Sabulu ya sa ya rufe ido. Yana rufewa sai jikinsa ya fara karkata hagu, a hankali, kamar ƙofar da ba a sa wa sakata ba, har kafaɗarsa ta bugi bango. Bahago ya buɗe ido, ya waiga ko an gan shi, sannan ya sake debo ruwa. Wannan karon ya ɗora yatsa ɗaya a bakin kwamin. Bai riƙe ba, bai jingina ba, taɓawa kawai. Ya rufe ido ya wanke fuskarsa tsaf, ko gezau bai yi ba.

Wani yayan da ya ga haka, asibiti zai nufa da ƙaninsa a ranar. Koci dabara ya gani. Wannan ne abin da ya fi cinsa daga baya: ba wai bai gane ba ne, ya gane sarai, kuma ya adana abin da ya gane don amfanin gaba.

Saura kwana biyu aka kira su gwajin lafiya. Likitar hukumar dambe mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana, ranar kuma 'yan dambe kusan arba'in ne a layi, fanka ɗaya tana kaɗa zafi daga wannan bango zuwa wancan. Ta haska idon Bahago da tocila, ta auna jininsa, ta matsa gaɓoɓin hannunsa. Sannan ta ce ya haɗe ƙafafu, ya miƙa hannuwa gaba, ya rufe ido, daƙiƙa talatin. Ƙa'ida ta yarda mai horarwa ya tsaya a bayan ɗan wasansa ko da zai faɗi, saboda haka babu wanda ya kalli Koci sau biyu da ya matso, tawul rataye a hannunsa kamar kullum.

A ƙarƙashin tawul ɗin ya miƙa yatsa ɗaya, ya ɗora a bayan ƙaninsa, ƙasa kaɗan da allon kafaɗa.

Ya ji gadon bayan ya sandare. Sai kuma ya ji, ta kan yatsan nan, yadda jikin ke son tafiya hagu yana dawowa, yana tafiya yana dawowa. Likita na kallon agogonta tana kallon fuskar Bahago. Talatin ta cika. Ta sa hannu a takarda, ta kira na gaba.

A baranda Bahago ya tsaya ya dube shi. Ya ce, "Yaya."

Koci ya ce, "Ka wuce. Saura awo." Ya yi gaba da sauri kamar wanda ake jira a wani wuri.

Da la'asar aka yi damben. Turmin farko Bahago ya yi kyau, yana tafiya a miƙe, idonsa kafe a ƙirjin Dogo, har Koci ya fara gaya wa kansa ashe dai yunwar ce. A turmi na biyu Dogo ya kawo naushin gefe. Bahago ya yi abin da ya fi gwaninta a kai, abin da yayansa ya shekara goma yana sa shi maimaitawa: ya sunkuya ya murɗa kai da sauri don naushin ya wuce. Naushin ya wuce. Shi kuma bai dawo ba. Ya zube ta hagu, ya yunƙura ya tashi a ƙidaya ta biyar, ya taka sau biyu kamar mai sauka daga kwalekwale, ya sake zubewa. Alƙalin wasa ya kaɗa hannu. Robobin ruwa suka fara sauka a kan dandamali.

Koci ya tsallaka igiya ya tallafo kansa. Idanun Bahago suna fizga gefe ɗaya suna dawowa, ba su tsayawa a kan komai. Bahago ya ce a hankali a riƙe masa fitilun nan, gudu suke yi.

Mako bai cika ba takarda ta zo daga hukuma. Za a zauna a binciki zargin sayar da wasa, in ya tabbata, an kore shi daga dambe har abada, a kuma buga sunansa. Amma gari bai jira zama ba. Masu facin taya, waɗanda a da suke barin aiki su tafa masa in ya wuce, yanzu sai ɗayansu ya yi kamar iska ta buge shi ya faɗa kan tarin tayoyi, sauran su kwashe da dariya. Koci yana jin su daga sama. Ya ƙara ƙarar rediyo.

Matar Bahago tela ce, ba ta san komai a dambe ba sai wankin bandeji, amma ita ce ta yi abin da ya kamata a yi tun mako huɗu da suka wuce. Ta sa mijinta a mota ta kai shi wurin likitan kunne. Daga can ta zarce ɗakin atisaye ita kaɗai, ta hau benen da ba ta taɓa hawa ba, ta gaishe da Koci da ladabi kamar yadda ta saba, ta miƙa masa takardar asibiti.

Ta yi masa bayanin yadda aka yi mata. Can cikin kunne akwai abin da ke gaya wa mutum ina ne sama ina ne ƙasa, kuma murar nan ta kumbura jijiyarsa a ɓangaren hagu. Yanzu da ido yake tsayawa, da tafin ƙafa. In ya rufe ido, ko ya fizge kai, sai ya rasa madafa. Likitan ya ce yana warkewa, ƙwaƙwalwa takan koyi aiki da abin da ya rage, amma sai da atisaye na watanni, kuma da an kawo shi da wuri da yanzu ya yi nisa.

Sannan ta ce, "Yaya, abu ɗaya ne ban gane ba. Mutumin da ko alwala zai yi sai ya dafa bango, yaya aka yi ya tsaya ido rufe a gaban likitar hukuma? Na tambaye shi ya ƙi magana. Kuma takardar gwajin nan tasu ita za su kashe shi da ita. Za su ce saura kwana biyu lafiyarsa ƙalau."

Koci ya ce jiri haka yake, yau ya zo gobe ya tafi. Ya faɗi haka yana kallon buhun naushi. Ta karɓi takardarta ta ninke, ta ce Allah ya kyauta, ta sauka. Ya ji ƙarar takalminta har matakalar ƙarshe, kuma da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya gode mata.

Sai da ya kwana uku kafin ya iya zuwa gidan. Ya sami Bahago zaune a falo, an manna wata 'yar takarda a bango da babban harafi ɗaya a jiki. Yana kafe harafin da ido yana juya kai dama da hagu, dama da hagu, gumi na tsattsafo masa, bokiti a gefen kujera. Mutumin da ke yin turmi goma sha biyu bai nemi kujera ba, minti ɗaya na wannan ya sa fuskarsa ta yi fari. Da ya gama ya jingina, ya jira ɗakin ya tsaya, sannan ya yi wa yayansa sannu da zuwa.

Koci ya fara kame-kame a kan zaman hukuma, wa zai yi magana, me za a ce. Bahago ya katse shi. Ya ce zai nuna takardar asibiti, in sun yarda to, in ba su yarda ba shi ke nan. Maganar gwaji kuwa ba za ta fito daga bakinsa ba.

Ya ce, "In ta fito, sun karɓe lasisinka. Ɗakin nan shi ne rayuwarka, Yaya. Ni nawa ya riga ya ƙare. Kuma na ji yatsan. Da na so, da na matsa gaba."

Abin kunyar shi ne, Koci ya ji sanyi a ransa. Sanyi na gaske, irin na wanda aka sauke wa kaya. Ya fito daga gidan yana jin iska na shigarsa, ya yi tafiyar layi biyu a haka, kafin ya gane me yake murna a kai. Ƙaninsa zai ɗauki sunan maci amana har kabarinsa don shi ya ci gaba da riƙe makullin wani ɗaki mai warin roba, shi kuma har ya ce na gode a zuci. Ya tsaya a bakin titi kamar wanda ya manta hanyar gida. Tun ranar abinci ya daina yi masa ɗanɗano, amma bai fasa yin shiru ba. Mutum yana iya jin kunya iya wuya ya kuma ci gaba da abin da ke ba shi kunyar, Koci ya tabbatar da haka har kwana tara.

Da hantsi aka yi zaman, a wani ofis mai dogon tebur da robobin ruwa a jere. Mutum biyar ne a kwamitin, likitar hukuma na zaune a gefe, an kira ta ta kare sa hannunta. An nuna hoton sau uku. Bahago ya miƙa takardar likitan kunne. Shugaban kwamiti ya duba kwanan wata, ya ga bayan damben aka rubuta ta, ya ce wannan ciwo akwai shi da ladabi, ya bari an gama gwaji, ya bari an gama turmin farko, sannan ya yi sallama. Aka tambayi likita ko zai yiwu abu irin wannan ya kuɓuce mata. Ta ce ita dai ta tsayar da shi daƙiƙa talatin ido rufe, bai motsa ba, kuma mai irin wannan larura da wuya ya yi haka.

Wani daga cikinsu ya ce to a sake gwajin a gabansu. Bahago ya miƙe, ya haɗe ƙafafu, ya miƙa hannuwa, ya rufe ido. Bai kai daƙiƙa biyar ba ya tafi hagu, ya ci karo da kujera, ya kai gwiwa ƙasa. Mutumin ya ce ai faɗuwa kam an san ya iya, duk gari ya shaida. Aka yi 'yar dariya. Bahago ya dafa kujerar yana ƙoƙarin tashi, kansa a sunkuye, kuma bai kalli inda yayansa yake ba ko sau ɗaya. Da ya kalle shi, wataƙila da Koci ya iya ci gaba da zama.

Koci ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a sake. Zan tsaya a bayansa kamar ranar."

Bahago ya ce, "Yaya, zauna."

Koci bai zauna ba. Ya juya ƙaninsa yadda duk teburin zai ga bayansa, ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, ya ɗaga yatsa ɗaya sama kowa ya gani, ya ɗora shi ƙasa da allon kafaɗa. Ya ce likita ta duba agogo. Bahago ya daɗe kafin ya rufe ido, amma ya rufe. Goma ta wuce, ashirin ta wuce, ɗakin ya yi tsit har ana jin ƙarar motoci a waje. Da talatin ta cika Koci ya janye yatsan, ya tare shi da ƙirji kafin ya kai ƙasa.

Likita ta cire tabaranta. Ta ce, "Tawul ne a hannunka ranar."

Ya ce eh. Ya ce ya san da jirin tun saura mako uku, an gaya masa, ya kuma gani da idonsa. Ya ce ƙaninsa bai roƙe shi ba, bai ma san zai yi ba. Muryarsa ta fito a bushe, kalmomin gajeru-gajeru, kamar yana ba da umarni a kusurwar dandamalin dambe.

Ta taso ta riƙe kan Bahago da hannu biyu, ta ce ya kalli hancinta, ta fizga kan gefe, ta ga yadda idanun suka zame suka dawo. Ta gyaɗa wa shugaban kai. Sannan ta juyo wurin Koci, ba tare da ɗaga murya ba, ta tambaye shi ko ya taɓa tunanin abin da zai faru da a ce naushin Dogo na biyu ya sami mutumin da ba ya ganin inda ƙasa take.

Kusan mako uku ke nan Koci yana zagaye wannan tambayar kamar rami a tsakar gida.

An karɓe lasisin Koci a ranar. An wanke Bahago daga zargi, aka dakatar da shi har sai likitan kunne ya sallame shi. Hukuma ta fitar da sanarwa mai layi shida, wadda ba ta yi yawo ko kashi ɗaya cikin ɗari na yawon da hoton ya yi ba. Masu facin taya sun daina faɗawa kan tayoyi, amma wasu a gari har yanzu cewa suke wa da ƙani ne suka haɗa baki. Koci ya miƙa makullin ɗakin atisaye ga wani tsohon ɗalibinsa. Matar Bahago ta ci gaba da gaishe shi da ladabi, ta ajiye masa shayi, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan gaisuwar ba, kuma bai ga laifinta ba.

Tunda ba shi da inda zai je da safe, sai ya riƙa zuwa gidan. Atisayen ya ci gaba daga harafin bango zuwa tafiya a baranda ana juya kai, daga nan zuwa tsayuwa a kan matashin kujera, ido rufe, an shimfiɗa katifa ta hagu. Aikin Koci shi ne riƙe agogo.

Wata safiya Bahago ya hau matashin, ya haɗe ƙafafu, ya rufe ido. A ƙidaya ta huɗu ya fara karkata.

Ya ce, "Yaya, hannunka."

"Ban taɓa ka ba."

"Ina jin ɗuminsa a bayana. Likita ya ce in ana tare ni, kaina ba zai koya ba. Ka bar ni in faɗi."

Koci ya dubi hannunsa. Yana nan a miƙe, yatsa ɗaya a gaba, bai san lokacin da ya ɗaga shi ba. Ya mayar da shi baya, ya kama wuyan hannun da ɗaya hannun, daidai inda ya taɓa karyewa, ya matse. Suka sake daga farko. Ya ƙidaya a fili. A bakwai jikin ya tafi hagu ya dawo da kansa. A tara ya sake tafiya. A sha ɗaya bai dawo ba, Bahago ya zube a kan katifa da dukkan nauyinsa, ƙarar ta cika falon, Koci na tsaye taku ɗaya daga gare shi bai motsa ba.

Bahago ya kwanta yana haki, idonsa a kan silin, yana jiran ya tsaya. Can ya tambaya nawa.

Koci ya ce, "Sha ɗaya."

"Jiya tara ne."

Ya mirgina, ya dafa ƙasa, ya miƙe shi kaɗai, ya sake hawa matashin. Koci ya ƙara matse hannunsa a baya, ya fara ƙidaya daga ɗaya.